Dala 130 kuɗin Superman: In ciniki ya faɗa, shi ke nan an yi adalci?

Mai karatu, ko da kai ba ma'abocin littattafan zane ba ne, waɗanda ake kira komik, da wuya a ce ba ka san Superman ba. Shi ne jarumin nan mai jan mayafi da harafin S a ƙirji, wanda ke keta sararin sama yana ceton raunana. To ko ka san nawa aka saye shi daga hannun waɗanda suka ƙirƙiro shi? Dala 130 kacal. A shekarar 2024 kuwa, kwafi ɗaya tak na mujallar da ya fara fitowa a ciki an yi gwanjonsa a kan dala miliyan 6. Tsakanin waɗannan kuɗaɗe biyu akwai tambayar da ta shafi duk mai karanta littafi ko kallon fim: idan mutum ya sayar da basirarsa da yardarsa, ya sa hannu, daga baya mai saye ya kuɗance shi kuma ya tsiyace, an cuce shi ko ba a cuce shi ba?

Ga yadda abin ya faru. Jerry Siegel marubuci ne, Joe Shuster kuma mai zane. Tun suna 'yan makaranta a birnin Cleveland na Amurka suke abota. Sun shafe kusan shekara biyar suna yawo da labarin Superman, kowane kamfani ya duba ya ce ba ya so. A 1938 kamfanin da yanzu aka sani da DC ya karɓi labarin mai shafi 13, dala goma kowane shafi, da sharaɗin jarumin ya zama mallakarsa har abada. Samarin nan, masu shekara 23, suka sa hannu suna murna. Labarin ya fito a Action Comics ta 1, nan da nan ya karɓu. Kafin wani lokaci Superman ya shiga rediyo da jaridu da silima.

A 1947 suka kai ƙara suna neman a dawo masu da abinsu. Kotu ta ce Superman na kamfani ne. Sun ɗan sami kuɗi a kan wani jarumin, Superboy, amma aiki ya ƙare, aka kuma goge sunayensu daga mujallar. Idon Shuster ya yi rauni har zane ya gagare shi, ya koma aikin kai saƙo. Siegel ya ƙare a ƙaramin aikin ofis. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Kafin ka yanke hukunci, saurari ɓangaren kamfani, don su ma suna da ta cewa. Ba wanda ya tilasta wa samarin nan. Kayan da kowa ya ƙi ne kamfani ya zuba kuɗinsa a kai, kuma da mujallar ta yi kwantai, ba wanda zai ce Siegel ya zo ya biya asara. Bayan haka an ɗauke su aiki, sun yi shekaru suna karɓar kuɗi mai kauri a ma'aunin wancan zamani. In aka ce duk cinikin da ya yi riba sai an warware shi, wa zai ƙara yarda ya sayi labarin sabon marubuci? Wannan hujja ce mai ƙarfi, kada ka raina ta.

Sai dai a ganina hujjar ta haɗa abubuwa biyu da ya kamata a raba: kuɗi da suna.

Ɗauki na kuɗi tukuna. Ranar da aka yi cinikin, da mai saye da mai sayarwa ba wanda ya san darajar abin da ke kan tebur. Bambancin kawai, ɗaya yana iya jira, ɗayan kuma yunwa ba ta bar shi ya jira ba. Yardar mai yunwa yarda ce a gaban alƙali, amma kai ma ka san ba ɗaya take da yardar ƙosasshe ba. Doka tana da dalilinta na tsayawa a kan takarda, don in ba haka ba kasuwa ba za ta ci ba. Shi kuwa mutumin kirki, in riba ta zarce duk abin da aka yi tsammani, yakan waiwayi wanda ya haƙa masa rijiyar. Ba kotu ce ta sa shi ba, sanin ya kamata ne. Mutum na iya cin shari'a ya fita da kunya.

Na suna ya fi wannan sauƙin ganewa. Ana iya sayar da ikon bugawa da ikon cin riba, amma ba a sayar da gaskiyar wanda ya yi aiki. In ka sayi doki ya zama naka, sai dai ba ka isa ka ce kai ka haife shi ba. Goge sunan mai ƙirƙira, ko ɗora na wani a gurbinsa, ƙarya ce ake yi wa mai karatu, wato kai.

A nan labarin Batman ya fi ciwo. Ya fara fitowa a 1939, kuma fiye da shekara saba'in sunan Bob Kane kaɗai ake rubutawa, saboda haka yarjejeniyarsa da kamfani ta tanada. Alhali marubuci Bill Finger ne ya kawo shawarar hular nan mai kunnuwa da shigar duhu, shi ya raɗa sunan Bruce Wayne da na birnin Gotham, shi ya rubuta labaran farko. Ya rasu a 1974 cikin talauci. Kane da kansa ya yarda a littafin tarihin rayuwarsa na 1989 cewa ba a ba Finger haƙƙinsa na yabo ba, amma bakin alƙalami ya bushe. Sai a 2015 kamfanin DC ya amince a riƙa sa sunansa, shekara 41 bayan mutuwarsa.

Abin lura, ba alƙali ne ya gyara waɗannan al'amura ba. A 1975, ana shirin babban fim ɗin Superman wanda Christopher Reeve ya fito a ciki a 1978, Siegel ya rubuta wa 'yan jarida kukansa. Abokan sana'a irin su Neal Adams da Jerry Robinson suka tsaya masu tsayin daka. Da surutu ya yi yawa, kamfanin Warner, uwar DC, ya yarda zai riƙa biyan kowannensu dala 20,000 duk shekara har mutuwa, ya kuma dawo da sunayensu. Shuster ya rasu a 1992, Siegel a 1996, dukkansu sun ga sunansu a allon silima. Na Finger kuwa, naci ne na wani marubuci, Marc Tyler Nobleman, wanda ya yi ta bincike har ya gano jikarsa. In kana son ganin yadda aka yi, nemi fim ɗin gaskiya mai suna Batman & Bill na 2017. Akwai kuma littafin zane na 2018, The Joe Shuster Story, wanda ya ba da labarin ta fuskar mai zanen.

Kada ka ɗauka wannan matsalar Turawa ce kaɗai. Duk wanda ya san harkar littafi da fim a wajenmu ya san marubucin da ya sayar da labari ɗungurungum don biyan buƙatar rana ɗaya, fim ya fito ya yi kasuwa, a fosta ga jarumi ga furodusa ga darakta, shi kuwa sai an sa tabarau. Ga marubuci, darasin a fili yake: karanta takarda kafin ka sa hannu, ka raba abin da ka sayar da abin da ka riƙe, kada ka taɓa sallama sunanka.

Kai kuma mai karatu, naka aikin bai fi ƙarfinka ba. In fim ya burge ka, dakata ka ga wanda ya rubuta shi. In littafi ya hana ka barci, riƙe sunan marubucin, ka ambace shi in kana ba abokai labari. A fitowarsa ta farko, Superman ya ceci matar da za a kashe bisa kuskure, ya hukunta mai dukan matarsa, ya tasa wani mai ba da cin hanci a gaba. Mutanen da suka zauna suka ƙago mana mai tsaya wa raunana, bai dace a ce su ne aka rasa mai tsaya masu ba.