Hayaƙin Da Ba A San Mai Shi Ba



Ya 'yan'uwa masu karatu, duk wanda ya taso daga PZ da magariba cikin hunturu ya nufi Samaru ya san yadda hayaƙi ke kwanciya bisa hanya tun daga Kwangila, har idanu su yi ja. Mukan ɗora wa hazo laifin duka, alhali hazo ƙura ce daga hamada. Shi kuwa wannan mai ƙauri hannuwanmu ne suka hura shi. To, alhakin tsohon da ya kwana yana tari yana wuyan wa?

Malamanmu na Malikiyya ba su yi shiru a kan hayaƙi ba. A cikin Muhtasar, Shaihu Halilu ya ambaci cewa alƙali yana hana hayaƙin da ke cutar maƙwabci, ya buga misali da gidan wanka, ya haɗa da warin majema. Sai dai a can akwai mai ƙara, akwai wanda ake ƙara. Namu hayaƙin na mutum dubu ne, kowa ya zuba ɗan kaɗan, kowa kuma zai iya rantsuwa cewa nasa bai kashe kowa ba.

Kuma masu shi sun sake. Wani bincike na hotunan tauraron ɗan adam da aka buga a 2017 ya nuna cewa faɗin ƙasar da wuta ke ci a duniya ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu tsakanin 1998 da 2015, galibi a dazuzzukan ciyawa irin namu. Kada mu yi saurin yabon kanmu, gonaki ne suka cinye dajin. A cikin gari kuwa janareto da babura da bola mai cin wuta sun maye gurbi. Wanda ke zargin manomi, sau da yawa injinsa na ruri a ƙarƙashin tagar maƙwabcinsa.

Abin da nake gani shi ne, ƙanƙantar rabon mutum cikin ɓarna ba ta ɗauke masa alhaki. Idan mutum goma suka zuba ƙazanta cikin rijiya, kowa ludayi guda, babu mai hankalin da zai ce ba wanda ya ɓata ruwan. Abin da ke bambanta su shi ne lalura. Manomin da tsutsa ta addabi dawarsa yana da uzuri, don kuwa tun 1980 masana a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru suka nuna cewa babbaka kara sama-sama na kashe tsutsar da ke ɓuya a cikinsa, karan kuma ya ci gaba da amfani. Wannan wuta ce mai iyaka, mai dalili. Amma wanda ya cinna wa daji wuta don ya kama gafiya, ko ya ƙone harawar da dabbar wani za ta ci da rani don ƙyuyar kwashewa, ban samar masa mafita ba a cikin abin da na karanta. Haka nan mai kunna bola da dare a gefen gidan da ya san akwai mai ciwon asma. Wallahu a'alamu.