KULLE WAYA DA BUƊE TA: WANE NE MAI KAYA?

Ya kai ɗan'uwa mai karatu, ga tambaya. In ka sayi doki, ka biya kuɗinsa cif, sai mai sayarwa ya ce ba za ka ba shi harawa ba sai ta rumbunsa, shin dokin nan naka ne ko nasa? Kada ka yi dariya, domin kuwa irin wannan ciniki ake yi da wayar salula.

Ga yadda abin yake. A Amurka yawancin mutane ba sa sayen waya daban, layi daban, kamar yadda muka saba. Kamfanin sadarwa ne ke ba mutum wayar, ya riƙa biya wata-wata har shekara 2 ko 3. Sai kamfanin ya sa mata kulle daga ciki, wato in ka zura sim na wani kamfani ta ƙi karɓa. Da iPhone ta fara fitowa a 2007, layin AT&T kaɗai take ɗauka a can, har wani yaro ɗan shekara 17, George Hotz, ya buɗe ta a watan Agusta na shekarar.

To, bari mu yi wa kamfani adalci tukuna. Ya ba ka kaya mai tsada bashi, yana tsoron ka gudu da shi. Wannan kullen ya yi kama da jingina, jingina kuwa halal ce, kowa ya san Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rasu sulkensa na jingine wurin wani Bayahude saboda sha'ir. Saboda haka wanda ya karɓi waya bisa wannan sharaɗi, da saninsa, sannan ya biya wata biyu ya kai ta aka fasa kullen ya daina biya, wannan maha'inci ne. Girman kamfani ba ya halatta cin dukiyarsa. Kada wani ya ce maka ai Turawa ne, kuɗi gare su. Alkawari alkawari ne, ko da wa ka ƙulla shi.

Amma fa ka lura, jingina tana da ranar ƙarewa. Ran da bashi ya faɗi, ran nan mai kaya ke karɓar kayansa. To me ya sa waya za ta zauna a kulle bayan an gama biya? Me ya sa sai mai ita ya roƙa, ya jira, a da har ma ya sake biya, kafin a buɗe masa abin da ya mallaka? Nan ba sauran maganar tsoron bashi. Abin da ake so shi ne kada ka koma wurin wanda ya fi araha. An sayar maka da abu, an riƙe amfaninsa, alhali don amfanin ka saya. A ganina wannan zalunci ne, ko da an rubuta shi cikin takardar da ka sa wa hannu ba ka karanta ba.

Su ma can sun daɗe suna jayayya a kai. Wata dokar Amurka ta 1998 ta hana fasa kullen na'ura. A 2006 aka keɓe waya daga cikinta, a Janairun 2013 aka janye keɓewar, mutum ya wayi gari buɗe sabuwar wayarsa ya zama laifi. Mutum fiye da 100,000 suka sa hannu a takardar koke, shugaba Obama ya sa hannu a dokar da ta mayar da haƙƙin a Agustan 2014. Kanada ta hana karɓar kuɗin buɗewa da sayar da sabuwar waya a kulle daga Disamban 2017, Birtaniya ta hana sayar da kulalliya daga Disamban 2021. Ka ga abu ɗaya, yau halal gobe laifi jibi halal. Wanda ya auna gaskiya da irin wannan mudu ya sha wahala.

Yanzu kai. Wayoyin nan da aka gama amfani da su a waje suna zuwa kasuwanninmu, kamar Farm Centre ta Kano, wasu da kullensu. Ba duk kulle ne iri ɗaya ba. Akwai na kamfanin layi, akwai kuma na mai waya, irin na iCloud da Apple ya kawo a 2013 don kada ɓarawo ya ci moriyar abin da ya sata. In aka ce maka, "Ranka ya daɗe, iCloud ne kawai, za a cire," tsaya ka tambaya: ina mai ita? Me ya hana shi cirewa da kansa? Kai kuma mai gyara, kada ka ce ni aikina buɗewa ne kurum. Maƙerin da ya ƙera wa ɓarawo mabuɗi ya san ƙofar da za a nufa.

Kafin ka miƙa kuɗi, danna *#06#, lambar IMEI mai alƙaluma 15 za ta fito. A duba ta, ko an kai rahoton sata a kanta, ko akwai sauran bashi. Ka zura sim naka a gaban mai sayarwa, ka kira wani. Shi kuma mai sayarwa, in ya san tana kulle, wajibi ne ya faɗa kafin a yi sallama, ba sai mai saye ya isa gida ya gano ba.