Ban Ruwan Kankana da Iyakar Tausayi

Duk wanda ya shuka kankana a bayan gida ya san abin da ranar Maris da Afrilu take yi mata. Da tsakar rana ganyenta yakan yi yaushi, mai shukar kuwa sai ya ruga da bokiti. Sau da yawa hankalinsa ne yake kwantarwa da wannan ruwan, gama ganyen kan lanƙwashe a zafi ko da akwai danshi a ƙasa, ya sāke miƙewa da yamma. Da ya tura yatsa cikin ƙasar, da ya sani.

Kankana 'yar ƙasar zafi ce. Wani bincike da aka buga a 2021 ya nuna cewa danginta mafi kusa yana yankin Kordofan a Sudan. Ko da yake wajen kashi 92 cikin 100 na jikinta ruwa ne, yayyafin kullum ba ya amfaninta, domin yana tsai da saiwarta a sama inda ƙasa take saurin bushewa. Abin da take so shi ne ruwa mai ratsa ƙasa, da sassafe, a gindi ba a kan ganye ba, kimanin lita 25 zuwa 50 a kowace murabba'in mita cikin mako, musamman lokacin fure da sa 'ya'ya. Amma in ta kusa nuna, sai a rage. Wanda ya ci gaba da ambaliya a makon ƙarshe zai yanka kankana lami, ko ya tarar ta tsage.

Tambayar da wannan ya tayar ta wuce lambu. Da me za a auna alheri, da daɗin da mai bayarwa ya ji, ko da abin da ya zama na mai karɓa? Akwai uban da ɗansa ya kai shekara 30, ya koyi sana'a, amma har yanzu kowace safiya ana miƙa masa kuɗin mota. Uban yana kiran wannan ƙauna, ban kuwa ce ƙarya yake yi ba. Sai dai ɗan bai taɓa samun dalilin tura saiwa ƙasa ba.

Na san marowaci zai yi murna da wannan magana, to, kada ya yi hanzari. Kankanar da aka bari da ƙishi kwana da kwanaki, sa'an nan aka kwarara mata ruwa a rana ɗaya, ita ma fashewa take yi. Ragewar ƙarshe tana da amfani ne kaɗai ga shukar da aka shayar ba fashi tun tana tsiro. Wanda bai ɗauki jarka wata biyu ba, ba shi da bakin cewa lokacin janye hannu ya yi.

Akwai kuma inda misalin ya gaza. Kankana ba ta magana, dole a taɓa ƙasa. Ɗan mutum kuwa ana iya zama da shi a tambaye shi, abin da iyaye da yawa suke ganin ya fi miƙa kuɗin wuya.