Natsuwa a Hanyar Gona

Wanda ya taso daga Damagaram da rani, ya ratsa Kance ya nufi Matameye, gawo ne zai fara cika masa ido. Ƙasa ta bushe, kara ya kwanta, amma gawo yana tsaye kore shar a tsakiyar gonaki. Dattawan wurin sun san ba haka ƙasar take ba bayan farin 1973 da na 1984, lokacin da itace ya yi ƙaranci, iska tana kwasar rairayi tana binne shuka, har sai manomi ya sake shuka sau biyu ko uku. A 2006 masu bincike, cikinsu har da Mahamane Larwanou da Chris Reij, suka zagaya yankunan Matameye da Magarya da Mirya, suka tarar itatuwa sun dawo a fili mai faɗin kimanin hekta miliyan ɗaya. Mafi yawansu ba dasa su aka yi ba. Da kansu suka tsiro, manoma suka bar su, suka riƙa yi musu aski, abin da ake kira sassabin zamani.

A duba yadda aikin yake farawa. Mutum yana noma, sai ya ga ɗan tsiro bai wuce tsawon yatsa ba a cikin ciyawa, ya gane gawo ne, ya karkatar da hauyarsa. Mai gaggawa ba ya ganin wannan tsiro, sare shi yake yi ya wuce. Irin wannan ido kuwa tun ana ƙanana ake samunsa, a bayan uba ko kaka a hanyar gona, in an yi dace da babban da ya yarda ya tsaya.

Tsayawar ce ta yi mana wuya. Yaro ɗan shekara huɗu ba ya tafiya don ya isa wani wuri. Zai tsuguna ya kalli buzuzu yana mirgina kashin shanu da ƙafafunsa na baya, ko ya bi layin tururuwa har bakin raminsu. Mu kuma kalmarmu ɗaya ce: "Taso mana, rana tana yi!" Ban ga laifin uwar da ruwa da itacen girki suke jiranta ba, kuma damina a nan gajera ce, wanda ya yi mata sakaci ya sani. Amma gaggawar ta zame mana hali har a ranar da babu abin da yake korarmu. Mu ɗora yaro a kan babur, ko mu riƙe hannunsa ido yana kan salula. Yaron da aka fizge shi sau da yawa daga abin da yake kallo, wata rana zai daina kallon.

Natsuwar da nake nufi aiki ce, ba zaman banza ba. Ka rage tafiyarka ta yi daidai da ƙafarsa, ka durƙusa inda ya durƙusa. In ya ce, "Baba, me ya sa gawo ya mutu da damina?" kada ka yi saurin amsawa. Ka sa shi ya kankare reshe da farce ya ga ɗanye ne, ya dubi hatsin da ke ƙarƙashinsa ya kwatanta shi da na nesa. Daga baya ka faɗa masa cewa gawo yana zubar da ganye ne lokacin da sauran itatuwa suke tohowa, don haka ba ya tare wa hatsi rana, ganyen ya ruɓe ya zama taki, da rani kuma dabbobi su ci 'ya'yansa su huta a inuwarsa su bar kashinsu a gonar. Yarinyar da aka bari ta tsinki tafasa da yaɗiya da hannunta ta san miya tun daga tushe. A irin wannan tafiya ne ake koyon cewa nonon tumfafiya ba ya kusantar ido, kuma ba a cusa hannu ƙarƙashin dutse saboda kunama da kububuwa. Ba ƙaramin abu ba ne a ce Alƙur'ani mai girma yana da surori masu sunan ƙudan zuma da tururuwa da gizo-gizo.

Ana ba da labarin Sarkin Damagaram Tanimu, a ƙarni na 19, ya kafa doka mai tsanani a kan sare gawo. Tsoron sarki ya kare itacen a wancan zamani. Yau abin da ke tsakanin ɗan tsiro da bakin hauya shi ne sanin manomi da ƙaunarsa, waɗannan kuwa doka ba ta dasa su.

Lokaci yana nan: bayan la'asar da kaka, ko farkon damina in shamuwa ta dawo sheƙarta, ko a gangara fadamun Korama inda ake noman rake. In yaro ya yi tambayar da ta fi ƙarfinka, ku tafi tare wurin tsohuwar da ta san saiwoyi, ko makiyayin da ya san kowace ciyawa da sunanta, ka bar shi ya yi tambayar da bakinsa.