Ajiyar Zamani da Ladan da Ba a Ambata Ba

 Ajiya babban al'amari ce a Musulunci. Da Manzon Allah zai yi hijira a shekarar 622, sai ya bar Sayyidina Aliyu a Makka domin ya mayar wa mutane da kayan da suka ba shi amana, alhali da yawansu maƙiyansa ne.

To, zamani ya zo da wata irin ajiya. Maimakon mutum ya damƙa takardunsa da hotunansa ga kamfani guda, sai a kulle su da rubutun sirri, a yayyanka su, a rarraba wa kwamfutocin mutane a ƙasashe daban-daban. Lokacin da tsarin Storj ya buɗe wa jama'a a 2020, kowane yanki na ajiya ana raba shi gida 80, guda 29 kawai sun isa a haɗa shi ya koma yadda yake. Wanda aka ba ajiyar ba ya iya karanta ta, domin makullin yana hannun mai kaya. A tsarin Filecoin kuma, wanda ya fara aiki a Oktoban 2020, mai ajiyewa yana ba da jingina, kullum sai ya nuna cewa kayan suna nan, in ya kasa a zaftare jinginarsa.

Wannan ɓangare ba shi da wuyar fahimta. Mutum ya ba da hayar rumbun kwamfutarsa, aka faɗa masa lada, ya tsare amana: ijara ce kamar hayar ɗaki.

Matsalar tana wajen sababbin tsare-tsaren da ke kiran jama'a da cewa waɗanda suka riga shiga wataƙila a ba su sulallan kirifto nan gaba. Ba a faɗi nawa ba, ba a faɗi yaushe ba. Malaman mazhabar Malikiyya sun bambanta musaya da kyauta, kamar yadda Imamu Ƙarafi ya yi bayani a littafinsa Alfuruƙ. A ciniki da ijara da jinga, wajibi ne a san abin da za a karɓa, domin Manzon Allah ya hana cinikin garari. Amma kyauta tana halatta ko da ba a san adadinta ba, saboda wanda bai samu ba bai yi asarar kome ba.

Saboda haka hukuncin yana bin abin da mutum ya saka. Wanda yake bukatar ajiyar, ya yi amfani da ita, daga baya aka ba shi tukuici, ya karɓi kyauta. Wanda kuwa ya sayar da gonarsa ko ya ci bashi ya sayi na'urori, ba don kome ba sai don ladan da ba a ambata ba, ya kusanci caca. Ko sulallan da aka riga aka raba ba su da tabbas: na Filecoin ya haura dala 200 a Afrilun 2021, kafin ƙarshen 2022 ya faɗo ƙasa da dala 5.

Akwai kuma waɗanda ke buɗe sunaye ɗari su cika rumbu da tarkace domin rabonsu ya yi yawa. Wannan ha'inci ne, domin suna cin haƙƙin masu gaskiya da ke jiran rabo guda. Ɓoyuwar suna a intanet ba ta ɓoye mutum ga Ubangijinsa.

Mai hankali ya tambayi kansa tun kafin ya shiga: in har ladan nan bai zo ba, shin an cuce shi? In amsar a'a ce, ya ci gaba. In kuwa zai yi kuka, to ya tsaya. Allah Ya sa a dace, amin.