Tallafin Noma a Hannun Wanda Ba Ya Noma

 

A gundumar Wharton, cikin jihar Texas ta Amurka, akwai wani garin manoman shinkafa da ake kira El Campo. A shekarar 1996 majalisar ƙasar ta yi doka cewa za a riƙa biyan kuɗin tallafi bisa ga abin da gona ta saba nomawa a da, ko an shuka ta bana ko ba a shuka ba. Sai wasu masu gonaki suka sallami manoman da ke hayar ƙasarsu, tunda kuɗin zai zo ba tare da wahala ba. Wasu kuma suka yayyanka gonakin, aka gina gidaje a kai, tallafin ya bi sababbin masu fili. A 2006 jaridar Washington Post ta lissafa cewa tun daga 2000 an biya dalar Amurka miliyar 1,3 ga mutanen da ba su noma komai. Sai a 2014 aka soke wannan nau'in biya.

Cikin waɗanda jaridar ta zanta da su akwai wani mutumin El Campo da ya nemi mayar da kuɗin, aka ce masa in ya ƙi, wasu masu fili za a ba. Ya ƴan'uwa, a kan halin wannan mutum muke son tsayawa. Bai yi ƙarya ba, bai ba kowa cin hanci ba, doka ce ta kawo masa kuɗin har gida. Shin sun halatta gare shi?

Mai cewa sun halatta yana da hujja, kuma ba ƙarama ba ce. Buhari ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya kan ba Umar ɗan Haɗɗabi kyauta, Umar ya roƙi a ba wanda ya fi shi bukata, sai Annabi ya umarce shi da karɓar abin da ya zo masa ba tare da roƙo ko kwaɗayi ba. To amma Umar da kansa ya kawo wannan hadisi ne ga wani ma'aikaci da ke ƙin albashinsa, wato mutumin da ya yi aikin da aka biya shi dominsa. Kuma shi Umar ɗin ne, zamanin halifancinsa, ya karɓe daga hannun Bilal ɗan Harisu Almuzani sashen ƙasar Aƙiƙ da ya kasa rayawa, alhali Annabi ne ya yanka masa ita. Fahimtar Umar ita ce an ba shi domin ya raya, ba domin ya tsare wa mutane ba.

A ganinmu haka tallafi yake. Dukiyar baitulmali ce da aka fitar saboda noma, kuma kuskuren mai rubuta doka ba ya goge dalilin da ya sa aka fitar da ita. Ko hukuncin alƙali, kamar yadda hadisin Ummu Salama ya nuna, ba ya halatta wa mutum haƙƙin ɗan'uwansa, balle giɓin da aka bari cikin takarda. Batun "in ban karɓa ba wani zai karɓa" kuwa, da shi ne kowane mai cin amana yake rarrashin zuciyarsa.

Kada mai karatu ya ce wannan zancen Nasara ne. Idan aka kawo takin zamani mai rahusa a wata gunduma tamu, sunan mai gona ne a rubuce, ko da yana zaune a birni shekara goma bai riƙe hauya ba. Wanda ya karɓi aron gonar, shi da ƴaƴansa ke duƙe a cikinta, amma takarda ba ta san shi ba. In mai gonar ya karɓi buhunan ya miƙa masa a farashin da ya saya, ya isar da amana. In ya kai su kasuwa, ribar da ya ci ta fito ne daga damen geron da ya ragu a rumbun wancan bawan Allah.