Tuban Muzuru da Tuban Zakka

Karatun yau: Luka 19:1-10



Kowace shekara a daren 31 ga Disamba majami'unmu kan cika maƙil. Idan aka yi kira zuwa gaban bagade, mutane da yawa sukan fito da hawaye. Wannan ya yi alkawarin barin giya, wancan ya ce ya rabu da cacar ƙwallo ta waya, wata ta ce ba za ta ƙara yawo da tsegumi ba. Na sha ɗora hannu a kan irin waɗannan 'yan'uwa, na kuma san hawayensu na gaskiya ne. Amma kafin a kai Ista, da yawa sun koma gidan jiya. Daga nan sai Shaiɗan ya raɗa musu cewa hali zanen dutse ne, su daina wahalar da kansu. To, mene ne ke sa mutum ya sake da gaske, ya kuma ci gaba da girma cikin Ubangiji?

Abu na farko da ke tura yawancinmu gaban bagade shi ne tsoro: tsoron ciwo, tsoron asiri ya tonu, tsoron mutuwa. Dubi Fir'auna a Fitowa sura ta 9. Da ƙanƙara da tsawa suka ragargaza gonakin Masar, ya aika a kira Musa da Haruna, ya amsa da bakinsa cewa ya yi zunubi. Musa ya yi addu'a, sama ta yi shiru. Da Fir'auna ya ga ruwan ya ɗauke, sai ya taurare zuciyarsa kamar dā. Haka ya yi tun a lokacin annobar kwaɗi a sura ta 8. Wannan shi ne tuban muzuru, kaza a baki. Masifar yake ƙi, zunubin kuwa yana nan da daɗinsa a bakinsa.

Ba labarin wani nake ba ku ba, ni ma na bi ta nan. Ina saurayi na yi aikin yaron shago a wurin wani dattijon ikilisiya mai sayar da hatsi. Kullum sai na ɗebi wani abu daga kuɗin ciniki. Wata damina zazzaɓin taifot ya kwantar da ni har aka fara fid da rai. A kan gadon asibiti na yi wa Allah alkawura iri-iri. Na warke, ban cika wata guda ba hannuna ya koma cikin akwatin kuɗin.

Ranar da Baba ya kama ni, na tabbata sai ofishin 'yan sanda. Bai ce mini kome ba sai, "Zo mu je gida." Ya sa aka kawo tuwo, muka ci a kwano ɗaya. Da muka wanke hannu ya ce, "Ɗana, na daɗe da sani, ina kuma yi maka addu'a. Yesu ya yafe mini abin da ya fi wannan." Ya miƙo mini makullin shago ya ce in buɗe da sassafe. A daren nan ban rintsa ba. Taifot bai iya karya ni ba, tuwon nan ne ya karya ni. A makon na ba da raina ga Yesu, na kuma yi kusan shekara biyu ina biyan Baba kuɗinsa kaɗan-kaɗan, ko da yake bai taɓa tambaya ba.

Shekaru bayan haka, a makarantar tauhidi, na gane cewa abin da ya same ni shi ne abin da manzo Bulus ya koyar a Romawa 2:4, cewa kirkin Allah ne ke jan mutum zuwa tuba. Babu inda wannan ya fito fili kamar labarin Zakka.

Yariko gari ne na dabino, a kan hanyar fatake, kusa da Kogin Urdun. Romawa kan ba da kwangilar karɓar kuɗin fito ga 'yan ƙasa, su kuwa su ɗora nasu a kai. Shi ya sa Yahaya Mai Baftisma ya gargaɗi masu karɓar haraji, a Luka 3, kada su wuce abin da aka ƙayyade musu. Zakka shi ne shugabansu a Yariko, attajiri ne kuma. Mutanen gari suna ganinsa maci amana, mai yi wa baƙi aiki yana tatsar 'yan'uwansa. Lalle ya sha zagi, ya sha harara. Duk wannan bai sa ya mayar da ko kwabo ba.

Sai ga Yesu yana ratsa garin, a tafiyarsa ta ƙarshe zuwa Urushalima inda gicciye ke jiransa. Zakka gajere ne, taro ya tare shi, sai babban mutum ya ruga a guje ya haye itacen ɓaure kamar yaro. Yesu ya ɗaga kai, ya kira shi da sunansa, ya ce ya sauko maza domin a gidansa zai sauka a ranar. Lura da kyau, ɗan'uwa. Yesu bai sa masa sharaɗi ba. Bai ce ya fara gyara littafin lissafinsa ba. Ya shiga gidan tun yana cike da dukiyar zalunci, jama'a na ta gunaguni a waje. Karɓa ce ta zo da fari, canji ya biyo baya.

Ga kuma girman canjin. Bisa ga Littafin Ƙidaya 5:7, wanda ya cuci wani ya furta laifinsa, zai mayar da abin, ya ƙara kashi ɗaya cikin biyar. Wato idan ka ci wa mutum naira 10,000, za ka biya 12,000. Ninki huɗu hukuncin ɓarawon tunkiya ne wanda ya yanka ko ya sayar, kamar yadda yake a Fitowa 22:1. Zakka da kansa ya zaɓi ninki huɗu, wato 40,000 a kan kowace 10,000, ya kuma ba matalauta rabin dukiyarsa. Babu alƙalin da ya tilasta masa. Tsoro kan tambaya mene ne mafi ƙanƙantar abin da zan yi in kuɓuta. Wanda ƙauna ta kama ba ya irin wannan lissafi.

A sura ta 18 wani attajiri mai kiyaye umarnai tun yana yaro ya tafi da baƙin ciki, domin ya kasa rabuwa da dukiyarsa. Masu sauraro suka yi tambaya ko wa zai tsira ke nan, Yesu ya nuna musu cewa abin da ya gagari mutum bai gagari Allah ba. Sura ɗaya bayan haka, ga wani attajiri ya saki dukiya da murna. Halleluya! Hali zanen dutse ne, gaskiya, amma Allahnmu ya yi alkawari a Ezekiyel 36:26-27 zai cire dutsen ɗungum, ya ba mu sabuwar zuciya, ya sa Ruhunsa a cikinmu.

Kada wani ya ce na hana wa'azin hukunci. Hukunci gaskiya ne, jahannama gaskiya ce, tsoron Allah kuma wajibi ne. Tsoro yana iya tashe ka daga barci, amma ba zai riƙe ka shekara ashirin a kan hanya ba. Iyaye da shugabannin ikilisiya, mu tuna da wannan. Yaron da bulala kaɗai ya sani yana jiran ranar da zai fi ƙarfin bulala ne.

Girma kuma ba a dare ɗaya ake yinsa ba. A Filibiyawa 2:12-13 Bulus ya haɗa abu biyu: mu himmantu, domin Allah ne ke aiki a cikinmu, shi ke ba da niyya, shi ke ba da ƙarfin aikatawa. Manomi ba ya sa gero ya tsiro, amma yana shuka, yana noma, yana cire ciyawa. Naka shi ne Maganar Allah kowace safiya, addu'a, zumunta, da ɗan'uwa ɗaya amintacce wanda za ka gaya wa gaskiya idan ka faɗi. Ruwan kuwa na Ruhu Mai Tsarki ne.

Abin yi a wannan mako: zauna ka tuna abin da Yesu ya yafe maka, ka gode masa ɗaya bayan ɗaya. Sa'an nan ka tambayi Ruhu Mai Tsarki ko akwai abin wani a hannunka. Mudun da aka buga wa gindi, bashin da ka yi shiru a kansa, gonar marayu, sunan 'yar'uwa da kika ɓata a zumuntar mata. Je ka gyara, ko da kaɗan-kaɗan ne.

Addu'a: Ya Uba, na gaji da tuban da ke ƙarewa idan masifa ta wuce. Na gode domin Yesu ya kira ni da sunana tun ban gyara kome ba. Ka shigo gidana yadda yake. Ka cika ni da Ruhunka Mai Tsarki, ka ba ni ƙarfin hali in mayar da abin da ba nawa ba, in yi tafiya da kai saboda ƙauna har ƙarshe. A cikin sunan Yesu na roƙa. Amin.